Atg7 da Kitsen Ɓera: Abin da Bincike Ya Nuna da Abin da Ake Ɗora Masa

Duk lokacin da aka ce masana sun gano wata ƙwayar gado mai hannu a ƙiba, labarin kan bazu da sauri, kuma kafin ya kai kunne na uku ya riga ya rikiɗe ya koma "an samo maganin teɓa". Zumuɗin yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma yawan manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Daga cikin ƙwayoyin gadon da suka ja hankali a wannan fage akwai wadda ake kira Atg7. An cire ta daga kitsen wasu ɓeraye a ɗakunan bincike na Amurka, sai ɓerayen suka tashi sirara, aka ɗura musu abinci mai maiƙo suka ƙi yin ƙiba. Wannan ya faru da gaske. Sai dai matsayin wannan sharhi shi ne Atg7 ba makunnin ƙiba ba ce da za a kashe a huta. Aikinta ya danganta da sashen jikin da take ciki, da lokacin da aka taɓa ta, da halin ƙoshi ko yunwar dabbar, kuma ramar da rashinta ke jawowa tana tafe da asara mai girma.

Ma'anar muhimman kalmomi

Jikin ɓera da na mutum an gina su ne da ƙananan ɗakuna masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne ƙwayoyin halitta. A cikin kowace akwai dogon zaren bayanai da ake kira DNA, wanda ake gada daga uwa da uba. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan zare da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda. Furotin kuwa shi ne ma'aikacin ƙwayar halitta: da shi ake gina tsoka, da shi ake narkar da abinci, da shi ake aika saƙo tsakanin gaɓoɓi. Kowane furotin jerin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid. Furotin ba ya dawwama, yana tsufa ya lalace, don haka jikin baligi kan rushe kimanin giram 200 zuwa 300 nasa a kowace rana ya sake gina sabo, alhali abin da yake samu daga abinci bai kai rabin haka ba. Ragowar daga tsohon da aka rushe yake fitowa.

Manyan hanyoyin rushewar biyu ne. A ta farko ana liƙa wa furotin da ya lalace wata alama mai suna yubikwitin, sai wani injin ƙwayar halitta mai suna furotiyazom ya daddatsa shi ɗaya bayan ɗaya. Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose sun sami kyautar Nobel ta 2004 kan gano wannan hanya. Ta biyu ita ce otofaji, kalmar da ta samo asali daga Girkanci mai nufin cin kai. A nan ƙwayar halitta kan saƙa wata jaka mai fata biyu, ta kewaye tarkacen furotin har da manyan kayan cikinta da suka gaji, ta kai su wata ma'ajiya mai ruwan asid da ake kira laisozom, inda ake narkar da su a fito da kayan gini. Kamar dai maƙeri ne da ke tattara karyayyun fartanya da gatari ya zuba su a wuta ya ƙera sababbi. Atg7 tana ɗauke da umarnin haɗa furotin ɗin da ke tada wasu furotin biyu, Atg12 da LC3, waɗanda sai da su fatar jakar take miƙewa ta rufe. In babu Atg7, saƙar jakar kan tsaya cak ko ta yi rauni ƙwarai. A jikin ɓera tana kan kuromozom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙunshin zaren DNA, a jikin mutum kuma takwararta tana kan na 3.

Kitse ma iri biyu ne. Farin kitse shi ne ma'ajiyar jiki, kowace ƙwayarsa na riƙe da babban ɗigon mai guda da ya kusa cika ta. Kitse mai ruwan ƙasa kuwa ƙona mai yake yi don samar da ɗumi, ƙwayoyinsa na da ƙananan ɗigo da yawa da tarin maitokondiriya, wato sassan ƙwayar halitta da ke juya abinci ya zama ƙarfi.

Asalin binciken

Christian de Duve, masanin ƙasar Beljiyam, shi ya gano laisozom a 1955, ya kuma raɗa wa otofaji suna a 1963. An shafe kusan shekara 30 ana ganin jakunkunan nan ta madubi ba tare da sanin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa su ba, har sai da Yoshinori Ohsumi na ƙasar Japan ya koma ga yisti, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Ya hana ƙwayoyin yistin abinci, ya ga jakunkunan suna taruwa, sannan a 1993 shi da ɗalibarsa suka wallafa jerin ƙwayoyin gado 15 da aikin ke buƙata. Atg7 tana cikin wannan zuriya. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta 2016. Da aka tabbatar ɓera da mutum suna da irin waɗannan ƙwayoyin gado, sai hankali ya koma kan ɓera, domin a lokacin an riga an ƙware wajen cire ƙwayar gado guda daga jikinsa a ga abin da zai biyo baya, dabarar da ta kai Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies ga kyautar Nobel ta 2007.

Darasin farko mai tsanani ne. A 2005 Masaaki Komatsu da abokan aikinsa a Tokyo suka samar da ɓerayen da ba su da Atg7 a dukkan jikinsu. An haife su da kamannin lafiya, amma suka mutu cikin yini guda. Shekara ɗaya kafin nan rukunin Noboru Mizushima ya ga irin haka da ya cire 'yar'uwarta Atg5. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne jariri, da zarar an yanke cibiya, yana shiga yunwa kafin nono ya kama jikinsa, kuma a wannan tsakani da rushe furotin ɗinsa yake rayuwa. Tun da cire ta baki ɗaya yana kisa, sai masana suka koma cire ta a gaɓa ɗaya su bar sauran. Da aka cire ta a hanta, hantar ta kumbura ta cika da tarkacen furotin. Da aka cire ta a ƙwaƙwalwa a 2006, ƙwayoyin jijiya suka riƙa mutuwa, ɓerayen suka kasa daidaita tafiya, suka mutu cikin makonni 28. Duk wannan an san shi kafin a fara maganar kitse.

Shekarar 2009 da sakamako biyu masu karo da juna

A 2009 Rajat Singh da Ana Maria Cuervo da Mark Czaja na Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York suka wallafa a mujallar Nature cewa jakar otofaji ba furotin kaɗai take haɗiyewa ba, har da ɗigon mai. Sun nuna cewa idan ɓera ya ji yunwa, ƙwayoyin hantarsa kan gutsuro ɗigon mai su kai laisozom a fasa shi a ƙona, kuma da suka cire Atg7 a hanta sai mai ya taru a cikinta. Wanda ya karanta wannan zai yi tsammanin cire ta a kitse zai sa ɓera ya narke da ƙiba, tun da an toshe hanyar fasa mai. Akasin haka aka gani. A cikin shekarar, wannan rukuni da wani na Shengkan Jin a jihar New Jersey, kowa da nasa gwajin, suka cire Atg7 a kitse. Ɓerayen suka fito sirara. A gwajin New Jersey farin kitsensu bai wuce kashi 20 cikin 100 na abin da takwarorinsu ke da shi ba, kusan rabin ƙwayoyin kitsen suna da ƙananan ɗigo masu yawa a maimakon babba guda, kuma sun cika da maitokondiriya. Jikinsu yana jin insulin sosai, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin halitta, kuma abinci mai maiƙo bai sa su ƙiba ba.

Ta yaya ƙwayar gado ɗaya za ta tara mai a hanta idan an cire ta, ta kuma hana shi taruwa a kitse? Amsar tana cikin yadda ake ƙera ƙwayar farin kitse. Kafin ta balaga ƙwaya ce mai kayan ciki da yawa. Don ta zama ma'ajiya sai ta kwashe mafi yawan waɗannan kaya, musamman maitokondiriya, ta buɗe fili ga babban ɗigon mai, kuma otofaji ke yin kwasar. Da aka cire Atg7 tun kafin ƙwayoyin su balaga, kwasar ba ta yiwu ba, sai suka tsaya a tsakiya: suna riƙe da maitokondiriya masu ƙona mai, ba su da filin ajiya, suka ɗauki kamannin kitse mai ruwan ƙasa. Ke nan ɓerayen ba narkar da ƙibar da suka tara suka yi ba. Tun farko ba a gama gina musu ma'ajiyar ba. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan al'amarin, domin mutumin da ke neman rage ƙiba ma'ajiyarsa ta daɗe da ginuwa ta kuma cika.

Kowace gaɓa da nata hukunci

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙara nuna cewa ba a yi wa Atg7 hukunci ɗaya. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira haifotalamus mai kula da yunwa da ƙoshi, kuma a cikinsa akwai rukunin jijiyoyi biyu maƙwabtan juna: masu tada yunwa da masu kashe ta. A 2011 aka cire Atg7 daga masu tada yunwa, ɓerayen suka rame. A 2012 aka cire ta daga masu kashe yunwa, ɓerayen suka yi ƙiba, sarrafa sukari ta lalace musu. Tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu ba ta kai tsinin allura ba, amma sakamakon ya juya gaba ɗaya. A gaɓar da ke haɗa insulin, wato fankiriyas, gwaje-gwajen 2008 a Japan da Koriya ta Kudu sun nuna cire ta yana raunana ƙwayoyin da ke fitar da insulin, sukari ya hau. Rukunin Gökhan Hotamisligil na Jami'ar Harvard ya nuna a 2010 cewa Atg7 tana raguwa a hantar ɓeraye masu ƙiba, kuma maido da ita yana gyara yadda jikinsu ke jin insulin.

Tsoka ta kawo wani darasin daban. A 2013 rukunin Myung-Shik Lee a Koriya ta Kudu ya wallafa cewa ɓerayen da aka cire wa Atg7 a tsoka sun rage kitse kuma sun tsira daga ƙibar abinci mai maiƙo, duk da ba a taɓa kitsensu ba. Dalilin shi ne maitokondiriyar tsokar sun lalace saboda babu mai kwashe gajiyayyu, sai tsokar da ke cikin ƙunci ta riƙa fitar da wani sinadarin saƙo mai suna FGF21, wanda ya bi jini ya je ya umarci kitse da ya ƙona mai. Ramar a nan kukan gaɓa ce da ke shan wuya. Tun a 2009 masu bincike a Faduwa ta ƙasar Italiya suka nuna cewa tsokar da ba ta da Atg7 tana ƙanƙancewa, ƙarfinta yana raguwa. Mai auna nauyi kaɗai zai ce an yi nasara, mai duba tsokar kuwa zai ga cuta.

Saɓanin masana da amsar masu ja

Ba a nan ruɗanin ya tsaya ba, domin masana ma ba a kan komai suka haɗu ba. A batun hanta, wasu rukunoni sun samu kishiyar abin da aka wallafa a 2009: sun cire ƙwayoyin gadon otofaji sai mai ya ragu a hanta lokacin yunwa, abin da ya sa suka ce aikin yana taimakawa wajen haɗa ɗigon mai, ba fasa shi kaɗai ba. Bambancin shekarun ɓerayen, da irin abincin da aka ba su, da tsawon yunwar, da dabarar cirewar, duk suna iya sauya abin da za a gani. A batun kitse kuma, dabarar da aka yi amfani da ita a 2009, wadda ake kira aP2-Cre, an gano daga baya cewa ba a kitse kaɗai take aiki ba, tana taɓa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da na jijiyoyin jini. Da wani rukuni a 2018 ya jira ƙwayoyin kitse suka balaga sannan ya cire musu wasu ƙwayoyin gadon otofaji biyu, Atg3 da Atg16L1, sai lalatattun maitokondiriya suka taru, jikin ɓerayen ya daina jin insulin yadda ya kamata, wanda shi ne mafarin ciwon sukari.

Mai ja zai iya cewa: to, ai duk da haka an ga ɓeraye sirara masu lafiyar sukari, me zai hana a nemi maganin da zai rage aikin Atg7 a kitse kawai, kaɗan-kaɗan, ba tare da taɓa ƙwaƙwalwa da hanta ba? Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma ba a kore ta ba. An samu alamun ƙaruwar otofaji a kitsen mutane masu ƙiba da masu ciwon sukari, sannan a 2009 aka tabbatar cewa manya ma suna da kitse mai ruwan ƙasa da ke aiki, don haka tunanin juya farin kitse ya koma mai ƙonawa tunani ne na hankali. Amma matsaloli uku ne a gabansa. Na farko, magani yana bin jini ne ya zaga jiki duka, kuma kai shi gaɓa ɗaya kaɗai abu ne mai wuyar gaske. Na biyu, amfanin da aka gani ya fito ne daga hana ƙwayar balaga, alhali gwajin 2018 ya nuna taɓa balagaggiyar ƙwaya cutarwa yake yi. Na uku, ƙaruwar otofaji a kitsen mai ƙiba tana iya zama ƙoƙarin ƙwayar na kare kanta daga nauyin da ya yi mata yawa, kuma idan haka ne, rage shi cire mata garkuwa ne.

Wani mai jan zai zo ta ɗaya gefen ya ce: idan sakamakon yana ta karo da juna haka, ashe binciken ɓera ɓata kuɗi ne. Wannan ma kuskure ne. Karon ba alamar shirme ba ne, shi ne ilimin da aka samu. Kafin waɗannan gwaje-gwaje ana ɗaukar rushe furotin da ajiyar mai a matsayin fannoni biyu da ba su da alaƙa. Yanzu an san injin ɗaya ne ke hidimar su biyun, an san tsoka tana aika wa kitse saƙo, an san ƙwaƙwalwa tana amfani da otofaji wajen daidaita yunwa. Babu yadda za a yi a koyi waɗannan a jikin mutum, domin ba a cire wa mutum ƙwayar gado don a ga abin da zai same shi.

Abin da rashinta ke ci wa jiki

Gwajin da ya fi kusa da abin da magani mai ƙarfi zai yi shi ne na rukunin Eileen White a Jami'ar Rutgers a 2014. Sun bar ɓeraye suka girma lafiya, sannan suka kashe Atg7 a dukkan jikinsu lokaci guda. Ɓerayen sun zubar da kitse kamar yadda ake fata. Amma hantarsu ta lalace, tsokarsu ta ragu, wasu suka mutu da cutar ƙwayoyin bakteriya, sauran kuma lalacewar ƙwaƙwalwa ta kashe su cikin wata biyu zuwa uku. Da aka hana su abinci na yini guda, wanda ɓera mai lafiya ke jurewa, sukarin jininsu ya faɗi ƙasa warwas suka mutu, saboda ba su iya rushe furotin su ba hanta amino asid ɗin da take haɗa sukari da shi. Ƙari a kan haka, binciken 2011 a Japan ya nuna hantar da ta daɗe ba Atg7 tana tsirar da ƙari, ko da yake ba mai yaɗuwa ba. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Akwai kuma kuskuren tunani da ya kamata a gyara, wato ɗaukar kitse a matsayin shara. Kitse gaɓa ce mai aiki. Yana adana mai a wurin da ba zai yi ɓarna ba, yana fitar da sinadaran saƙo irin su leftin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar jiki. Akwai mutanen da ake haifa kusan ba su da kitse sam, kuma ba lafiya suke samu ba: man da ya rasa masauki kan kwarara cikin hanta da tsoka, su kamu da ciwon sukari mai tsanani tun suna yara. Yawan kitse cuta ne, rashinsa ma cuta ne.

Daga ɓera zuwa ɗan Adam

Mafi yawan ƙwayoyin gadon mutum suna da takwarori a jikin ɓera, shi ya sa ake gwaji da shi. Sai dai ɓeran ɗakin bincike shekara biyu zuwa uku yake rayuwa, zuriyarsa an tace ta har kowane ɗaya ya zama tamkar kwafin ɗan'uwansa, abincin ƙibar da ake ba shi sau da yawa kashi 45 ko 60 cikin 100 na ƙarfinsa daga mai yake, kuma ana ajiye shi a ɗaki mai ɗumin kusan digiri 22, alhali jikinsa ya fi sakewa a kusan digiri 30. Ɓeran da ke jin sanyi kullum yana dogara da kitse mai ruwan ƙasa fiye da yadda mutum ke yi, don haka duk abin da ya ƙara wannan kitse zai fi tasiri a jikinsa. Tarihin leftin ya isa gargaɗi. An ga wani ɓera mai tsananin ƙiba a Ɗakin Binciken Jackson na jihar Maine a 1949, Jeffrey Friedman ya gano ƙwayar gadon da ta lalace masa, wato ta leftin, a 1994, aka yi wa irin ɓerayen allurar leftin suka rame, duniya ta ɗauka an gama da ƙiba. Allurar ta yi aiki ga 'yan tsirarun yaran da aka haifa ba su da leftin, amma ga yawancin masu ƙiba ba ta yi wani abin a zo a gani ba, saboda su leftin ɗin ma ya yi musu yawa.

Ita kanta ATG7 ta mutum ta ba da mamaki. A 2021 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Newcastle ta Ingila suka ba da rahoton mutum 12 daga iyalai biyar waɗanda suka gaji lalatacciyar ATG7 daga iyaye biyu. Ba su mutu a yinin haihuwa kamar ɓera ba, wasunsu sun manyanta. Amma abin da ya bayyana a jikinsu shi ne rashin daidaiton tafiya, jinkirin girma da koyo, raunin tsoka, da matsalar gani da ji. Abin da rashin wannan ƙwayar gado ke yi wa mutum ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa ne, ba siririn jiki mai lafiya ba.

Batun azumi da kulorokwin

Abubuwa biyu ne suka kawo wannan magana kusa da mu. Na farko, tun bayan kyautar Ohsumi saƙonni ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa wani masanin Japan ya tabbatar azumi yana warkar da kansa da sauran cututtuka. Gaskiyar ita ce yunwa tana tada otofaji, an ga haka ƙarara a yisti da ɓera. Amma a kan yisti Ohsumi ya yi aikin da aka karrama, ba a kan masu azumi ba, kuma auna otofaji a hanta ko ƙwaƙwalwar mutum mai rai abu ne mai matuƙar wuya. Yunwar yini guda ga ɓera, wanda jikinsa ke ƙona abinci da sauri ninkin na mutum, ba daidai take da ta mutum ba. Azumi ibada ce da Musulmi ke yi don bin umarnin Allah, darajarsa ba ta jiran shaidar ɗakin bincike, kuma jingina masa da'awar da ba ta tabbata ba na iya sa mara lafiya ya ajiye maganinsa. Mai ciwon sukari da ke son yin azumi ya fara ganin likitansa.

Na biyu shi ne kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani. Yana rage ƙarfin asid ɗin laisozom, don haka masu bincike ke amfani da shi su tsayar da otofaji a gwaji. Kada wani ya ji haka ya ɗauka zai rage masa tumbi. Kulorokwin ba ya zaɓar gaɓa, shan sa da yawa yana dagula bugun zuciya har ya kai ga kisa, daɗewa ana shan sa kuma yana lalata ido.

Hukunci

Atg7 ta koya wa masana cewa ƙwayar halitta tana amfani da hanya ɗaya wajen share tsohon furotin, da fasa mai, da gina ma'ajiyar mai, da ciyar da kanta a lokacin yunwa. Saboda wannan yawan aiki ne ba za a iya kashe ta don biyan buƙata ɗaya ba. Nauyi yana kan 'yan jarida da masu yaɗa labari su riƙa yin tambayoyi huɗu kafin su ce an samo magani: a jikin wace halitta aka yi gwajin, a wace gaɓa, a wane mataki na rayuwa, kuma me ya sami sauran jikin? Mai fama da ƙiba kuwa, hanyoyin da aka gwada a jikin mutane suna nan: rage sukari da maiƙo, motsa jiki a kai a kai, auna hawan jini da sukari, da neman shawarar likita kan magungunan da aka amince da su. Har zuwa yau babu wani maganin ƙiba da aka amince da shi wanda ke aiki ta hanyar kashe Atg7, kuma duk wanda ya tallata maka irinsa, ka riƙe kuɗinka ka tsare lafiyarka.